Abin da ke Cikin Buhuna

Sun turo ni Aujara da alli rabin kwali,
da littafi ɗaya, bangonsa ya yage,
yara sittin da huɗu a aji uku,
allon bango ya koɗe har ya yi furfura.

Mako biyu ina faɗa, suna maimaitawa,
biyu sau biyu, huɗu,
bakinsu na tafiya kamar injin niƙa,
idanunsu suna waje, gindin darbejiya.
Sai na gane dusa nake shukawa.

Ranar kasuwa na saɓa buhu.
Wurin mai lemo na roƙi murfin kwalba,
ya dube ni sama da ƙasa: "Malam, lafiya?"
Na tsinci ƙwallon dabino a rumfar Ɗan'azumi,
gwangwanin madara wurin mai shayi,
karan dawa kuwa, gonar kowa ta ba ni kyauta.
Matata ta ce na zama bola mai tafiya.

Litinin muka buɗe kasuwa a cikin aji.
Jan murfi naira goma, kore biyar.
Lantana ta kasa tumatirin laka,
Cindo ya zama dillali, har da rantsuwa.
Wanda ya ba da canji ba daidai ba
'yan kasuwa ke kama shi, ba ni ba.
Ɗebewar da ta gagari allo wata guda
ta zauna daram kafin a tashi tara.

Akwai Tasi'u, can lungun taga,
wanda na rubuta wa "ba ya ganewa."
Bai taɓa ɗaga hannu ba.
Ran nan ya kalli kwanon awo, ya ce a hankali,
"Tiya bakwai a ɗari uku da hamsin,
dubu biyu da ɗari huɗu da hamsin ke nan."
Ashe shi ke riƙe wa babansa kuɗin riɗi
tun bai kai tsayin buhu ba.
Da dare na ja layi a kan rubutuna,
na ji kunya ni kaɗai.

Haruffa muka haɗa da kara,
ƙa mai lanƙwasa ta ba mu wahala,
sai Uwani ta murɗa kaba ta ɗora mata,
ta ce, "Ga ƙugiyarta."
Taswirar gari a ƙasa muka zana,
toka ce titi, bula ce fadama,
kowa ya ajiye tsakuwa inda gidansu yake,
aka yi gardama kan rijiya har na shiga tsakani.

Wake muka shuka a gwangwani goma sha biyu,
shida a rana, shida a duhun kabad,
kullum a auna da zare, a ƙulla.
Ranar da mai duba makarantu zai zo,
akuyar maigadi ta riga shi.
Ta cinye na rana tas.
Na tsaya, gumi na bin wuyan rigata,
baƙo na riƙe da biro.
Sai Lantana ta ce, "Malam, ai ga wani darasin:
wake ya sha rana, akuya ta ci wake,
da Sallah mu ci akuya."
Baƙon ya yi dariya har hularsa ta karkace.
Ban san abin da ya rubuta ba,
na dai ga ya jefa murfi biyu a aljihu.

Har yanzu rufin yana yoyo,
albashi sai ya ga dama yake zuwa.
Amma tun daga bakin kududdufi
suke tare ni, suna laluben buhu:
"Malam, yau me ka kawo?"

Jiya ban kawo komai ba, zazzaɓi ya hana ni yawo.
Na shiga na tarar da tsibi a kan tebur:
ƙwallon goriba, gashin zabo, tsohon batir,
da madubin babur da ya tsage biyu.
Tasi'u ya ce, "Kai ka san yadda za a yi da su."
Ban sani ba tukuna.
Na ɗaga madubin, rana ta faɗo kan allo,
duk ajin ya yi tsit.